Yadda Zazzaɓi Kan Ɓoye Ƙarancin Ƙarfe a Jini

Masana ɗakin gwaji kan auna sinadarin feritin domin sanin yawan ƙarfen da jiki ya adana. Sai dai feritin yakan hau idan mutum yana fama da zazzaɓin cizon sauro. Ta haka yaron da ƙarfe ya yi wa ƙaranci zai iya samun sakamako mai kyau, a sallame shi ba magani, alhali jininsa yana raguwa.

Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa ga yaro mara lafiya ɗan ƙasa da shekara 5, iyakar ta zama maikirogiram 30 a lita, maimakon 12. A kuma haɗa da gwajin CRP, mai nuna ko akwai kumburi a jiki.