Robar Da Ta Kori Algarara Daga Kasuwannin Hatsi

Duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau da ke Kano zai tarar da masara da gero da wake jibge cikin fararen buhunan roba, alhali a da algarara ce ke riƙe da wannan aiki. Waɗannan buhuna, haka ma na taki da siminti da sukari, ana saƙa su ne da zaren wata roba mai suna folifurofilin.

Tushen wannan roba wata iska ce da ake kira furofilin, wadda ake samu wajen tace ɗanyen mai da sarrafa iskar gas. A masana'anta akan sa mata sinadarin da ke ƙulla ƙwayoyinta da juna, sannan a fitar da ita ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar dawa. Masani ɗan ƙasar Italiya, Giulio Natta, ya samar da ingantaccen nau'inta a 1954, kana kamfanin Montecatini ya fara yin ta don kasuwa a 1957.

Masu masana'antu sun rungume ta saboda ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa, kuma sai zafi ya kai kusan digiri 160 kafin ta narke. Ban da buhu, da ita ake yin kujeru da tabarmi da igiya da murfin kwalba da sirinjin allura. Ana gane kayanta da lamba 5 a cikin alama mai kusurwa uku. Sai dai rana na cin ta: buhun da ya daɗe a fili yakan rududduge, hatsi ya zube, asarar kuma ta hau kan ɗan kasuwa.

A Nijeriya, masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal, wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, na samar da ita, amma shekara da shekaru akasarin abin da ake bukata daga ƙetare yake zuwa. Saboda haka da zarar Naira ta faɗi, sai kuɗin buhu ya tashi. A 2025 matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da tata robar. Abin da masu saƙar buhu da 'yan kasuwar hatsi suka zuba wa ido shi ne ko wadatar ta cikin gida za ta raba farashin buhu da canjin Dala.