Ademola da Ranar da Kotu Ta Ce wa Soja A'a

Duk wanda ya bi titin Kotu a Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, da safiyar ranar aiki, zai ga lauyoyi da baƙaƙen riguna suna rungume da fayil, ga motar gidan yari a gefe. A nan Babbar Kotun Tarayya take zama, inda talaka kan kai ƙarar gwamnati. Wannan dama ba daga sama ta faɗo ba, wasu ne suka sha wuyarta.

Cikinsu akwai Adetokunbo Ademola, ɗan Alake na Abeokuta, ɗan ƙasa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 1958. A zamaninsa, a 1963, aka daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan, Kotun Ƙoli ta zama maƙura.

Zakaran gwajin dafin ya zo a 1970. Tun kafin nan, wani kwamitin bincike a Jihar Yamma ya ƙwace kadarorin wani mutum mai suna Lakanmi. Da ya garzaya kotu, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da Dokar Soja mai lamba 45 ta 1968, ta ambaci sunansa, ta halatta ƙwacen, ta kuma hana kotu saka baki. A watan Afrilun 1970 Ademola da abokan aikinsa a Kotun Ƙoli suka ce ba ta saɓu ba. Hujjarsu ita ce, a Janairun 1966 miƙa wa soja mulki aka yi don larura, kundin tsarin mulkin 1963 bai mutu ba, kuma dokar da ta kama sunan mutum ta hukunta shi ta shiga hurumin alƙali. Ka tuna fa, wata uku ke nan da gama yaƙin basasa, soja na ganiyar ƙarfinsu.

Ba su jure ba. Cikin 'yan makonni suka fitar da Doka mai lamba 28 ta 1970, suka soke tasirin hukuncin. Wasu masana ma na ganin hujjar miƙa mulkin tana da rauni, kuma suna da gaskiya. Amma a ganina Ademola bai yi asara ba: ya tilasta wa masu bindiga su rubuta da hannunsu cewa ƙarfi suke takama da shi. Har yau ɗaliban lauya a Jami'ar Bayero suna nazarin shari'ar Lakanmi. Shi kuwa ya ci gaba da riƙe kujerarsa har ya yi ritaya a 1972.