Shin lasisin mai wayarin daga Gumel yana aiki a kowace jiha?

Matasa da dama daga Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar da suka koyi aikin wayarin sukan nufi Kano, Kaduna ko Abuja neman kwangila. Tambayar da ke biyo su ita ce ko takardar shaidar da suke riƙe da ita tana aiki a can, ko kuwa sai sun nemi wata sabuwa. A halin yanzu amsar mai sauƙi ce, amma sauyin dokar lantarki na 2023 ya buɗe ƙofar da ka iya dagula ta.

A Amurka, jihohi ne, wani lokaci ma birane, ke ba masu aikin lantarki lasisi. Wanda ya sauya jiha sai ya duba ko akwai yarjejeniyar amincewa da lasisin juna tsakanin jihohin biyu, in babu kuma yakan sake zama jarrabawa. Najeriya ba ta bi wannan tsari ba, domin manyan takardun wannan sana'a duk daga gwamnatin tarayya suke fitowa.

Ta farko ita ce takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai matakai uku, inda ake farawa daga na uku a ƙare a na ɗaya. Akwai kuma takardar NABTEB ga waɗanda suka fito daga kwalejojin fasaha. Waɗannan suna nuna cewa mutum ya koyi aikin. Izinin yin aikin kuwa yana hannun NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta kafa, wadda ke tantance masu haɗa wuta tare da duba ingancin aikinsu. Ita ce ta gaji aikin da sashen duba harkokin lantarki na Ma'aikatar Wutar Lantarki ya saba yi. Tun da hukumar ta tarayya ce, shaidarta ba ta tsaya a iyakar Jigawa ba, don haka babu wani abu da za a “mayar” daga jiha zuwa jiha.

Kamfanin rarraba wuta shi ne abin da ke sauyawa. KEDCO ne ke kula da Kano, Jigawa da Katsina, amma wanda ya tafi Abuja zai tarar da AEDC, kuma kowane kamfani yana da hanyarsa ta karɓar buƙatar haɗa gida da layi.

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya bai wa jihohi damar samar da wuta da rarraba ta ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba su ikon kafa hukumomin sa ido na kansu. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta fara miƙa wannan iko ga Enugu, Ekiti da Ondo, wasu jihohin kuma suka biyo baya.

Idan jihohi suka wuce batun farashi da lasisin kamfanoni, suka fara gindaya wa masu wayarin rajista da kuɗin kansu, matashin Gumel zai iya biyan kuɗi sau uku kafin ya yi aiki a jihohi uku. Gumel da kanta tana cikin Jihar Kano har zuwa 1991, kuma har yau kasuwar aikinta a haɗe take da ta Kano. Duk dokar lantarki ta jiha da ba ta fito fili ta amince da shaidar tarayya ba, ƙaramin ma'aikaci ne zai ɗauki nauyinta.

A Maigatari kuwa iyakar ta gaske ce. Shaidar NEMSA ba ta da hurumi a Jamhuriyar Nijar, inda kamfanin NIGELEC ke rarraba wuta, kuma soket mai zagayayyun ramuka irin na Faransa ya fi yawa a kan mai ƙafa uku irin na Ingila da aka saba da shi a Najeriya. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara nisanta fatan samun shaidar sana'a guda ta yankin.

Babbar matsalar a yau ita ce masu aikin da yawa sun koya ne a hannun maigida, ba su da ko wace takarda, alhali wayarin mara inganci na cikin abubuwan da ake yawan alaƙanta gobarar gidaje da kasuwanni da su. Saboda haka akwai tambayoyi biyu da suka cancanci a yi wa 'yan majalisar dokoki a Dutse: shin jihar za ta ci gaba da karɓar shaidar tarayya ba tare da ƙarin haraji ba, kuma wa zai kusanto da jarrabawar tantancewa ga matasan masarautar Gumel?