Wasan Judo da Tarbiyyar Ɗalibai: Darasi Daga Makarantun Japan

1.0 Gabatarwa

Wasannin kare kai na ƙasashen Gabas Mai Nisa, irin su judo da karate da taekwondo, sun daɗe da shigowa manyan garuruwanmu, har wani ɗan Nijar, Abdoulrazak Issoufou Alfaga, ya ciwo lambar azurfa ta taekwondo a wasannin Olimfik na birnin Rio a 2016. Masu koyar da waɗannan wasanni sukan shaida wa iyaye da hukumomin makarantu cewa yaro zai sami ladabi da natsuwa. Wasu iyayen kuwa gani suke duk yaron da aka koya wa kaye da shaƙa, rigima aka koya masa.

Manufar wannan takarda ita ce ta auna waɗannan ra'ayoyi biyu da tarihin judo a ƙasar Japan. Mun zaɓi judo ne domin malamin makaranta ne ya tsara shi, kuma saboda ɗalibai ya tsara shi. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tarbiyyar da ake samu a wasan tana tattare ne da tsarin koyarwa da halin malami. Inda aka yi sakaci da waɗannan, wasan ya sha zama sanadin asarar rayukan ɗalibai.

2.0 Asalin Judo

An haifi Jigoro Kano a 1860 a garin Mikage, wanda yanzu yake cikin birnin Kobe. Sunan nan Kano na danginsu ne, ba shi da wata alaƙa da birnin Kano na ƙasar Hausa. Ya taso da ƙaramin jiki, manyan yara suna cin zalinsa a makaranta, wannan ne ya sa ya nemi koyon jujutsu, watau dabarun faɗa na tsofaffin mayaƙan Japan da ake kira samurai. A wannan lokaci kasuwar jujutsu ta riga ta faɗi, domin canjin mulki na 1868 ya rushe martabar samurai, a 1876 kuma aka hana su yawo da takobi. A 1877 ya fara koyo wurin wani malami mai suna Fukuda, daga baya ya ƙara wurin wasu malamai biyu.

A 1882, yana ɗan shekara 21, ya buɗe tasa makaranta a wani ɗakin ibada da ake kira Eishoji a Tokyo, da tabarma 12 da ɗalibai 9. Ya sa mata suna Kodokan, ma'ana wurin nazarin hanya. Ya kuma sauya sunan wasan. Kalmar ju tana nufin taushi ko sassauci, jutsu dabara, do kuwa hanya. Ke nan daga dabarar sassauci an koma hanyar sassauci, watau tafarkin da mutum zai bi a dukkan zamansa na duniya. Kano ya shugabanci babbar kwalejin horon malamai ta Tokyo fiye da shekara 20, kuma ta hannun malaman da ya yaye ne judo ya bazu a makarantun ƙasar.

3.0 Tsarin Koyarwa

Babban gyaran da Kano ya yi shi ne rarrabe dabaru. Waɗanda ke iya kisa ko nakasa, irin su naushi da shuri da dukan makasa, ya keɓe su a cikin kata, watau atisayen da mutum biyu ke yi bisa tsari, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi. Sauran dabarun, na kaye da dannewa da shaƙa da murɗe gwiwar hannu, ya bar su a randori, inda ɗalibai ke karawa da iyakar ƙarfinsu, amma da sharaɗin cewa wanda ya ji wuya zai bubbuga tabarma ko jikin abokinsa, nan take a sake shi. Ban da waɗannan biyu akwai kogi, lacca ke nan, da mondo, watau tambaya da amsa tsakanin malami da ɗalibai. Ya kamata a lura cewa rabin wannan tsari magana ce da tunani. Darussan da ake cewa judo na koyarwa daga nan suke fitowa, za mu kuma duba uku daga cikinsu.

3.1 Koyon Faɗuwa

Sabon ɗalibi faɗuwa yake fara koyo kafin a nuna masa kaye ko ɗaya. Sunan wannan ukemi. Ana koya masa ya manna haɓa a ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ya lanƙwasa bayansa, ya kuma mari tabarma da hannu domin nauyin faɗuwar ya bazu. Yakan yi makonni a kan wannan kaɗai. Bayan ya fara karawa kuma, a rana ɗaya sai a kayar da shi sau da yawa a gaban tsaransa, ya tashi ya gyara ɗamara a ci gaba. Yaron da ya saba da haka ya san cewa faɗuwa aba ce da ake shirya wa, ake kuma tashi daga gare ta. Duk malamin da ya taɓa ganin ɗalibi mai ƙwazo ya watsar da karatu saboda ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, ya san darajar wannan darasi.

3.2 Sarrafa Ƙarfi Inda Ya Dace

A wata lacca da ya yi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka a 1932, Kano ya bayyana hikimar sassauci da lissafi. A ƙaddara ƙarfin abokin karawa 10 ne, namu kuma 7. In ya turo mu muka tokare, lalle zai rinjaye mu. In kuwa muka ja da baya daidai gwargwadon turinsa, ba tare da mun rasa tsayuwarmu ba, zai rinjayo gaba, ƙarfinsa ya ragu zuwa kamar 3, mu kuwa muna nan da 7 ɗinmu, har rabinsa ma ya isa kayar da shi. Wannan gusar da tsayuwa shi ake kira kuzushi, kuma babu kaye mai kyau sai da shi.

Daga nan ya fitar da ƙa'idarsa ta farko, seiryoku zenyo, watau yin amfani da ƙarfin jiki da na hankali ta hanya mafi kyau. Ya kai ta har kan sha'anin fushi, inda ya nuna cewa mai fushi ɓarnar ƙarfinsa yake yi, kamar mai turi ido rufe. Ɗalibin da ke shiga randori yana ganin gaskiyar wannan a jikinsa, domin ranar da ya hasala ita ce ranar da ya fi shan kaye.

3.3 Cuɗe Ni In Cuɗe Ka

Ƙa'ida ta biyu ita ce jita kyoei, watau amfanin kai tare da amfanin wani. Kano ya shelanta ƙa'idojin biyu a 1922. Judo ba ya koyuwa ga mutum ɗaya: mai kaye yana bukatar wanda zai ba shi aron jikinsa, an jima kuma shi ma ya bayar da nasa. Saboda haka ake koya wa mai kaye ya riƙe hannun rigar wanda ya kayar har ya kai ƙasa, domin ya tallafe shi kansa ya tsira. Wanda ya raunata abokan horonsa, gobe ba shi da wanda zai koya da shi. Sunkuyawar gaisuwa da ake yi kafin karawa da bayanta tunatarwa ce game da wannan amana.

4.0 Inda Aka Saki Hanya

Da a ce waɗannan halaye suna zuwa ne da kansu, da tarihin judo bai ƙunshi abin baƙin ciki ba. A 1911 aka yarda a koyar da judo da wasan takobi na kendo a makarantun midil na Japan, a 1931 kuma suka zama tilas ga yara maza. A shekarun yaƙi da suka biyo baya, bayan rasuwar Kano a 1938, an mayar da su hanyar cusa wa matasa aƙidar soja da biyayya ido rufe. Wannan ya sa aka hana su a makarantu a 1945, lokacin da ƙasar ke hannun sojojin Amurka da ƙawayenta, sai a 1950 aka maido da judo.

Bayan shigar judo wasannin Olimfik a Tokyo a 1964, neman lamba ya sami babban matsayi. Wani malamin Jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya bi bayanan haɗurran makarantu, ya gano cewa ɗalibai fiye da 100 sun mutu a dalilin judo tsakanin 1983 da 2011. Mafi yawansu bugun kai ne ya kashe su, inda jijiyar jini ke tsinkewa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai, kuma da yawa 'yan ajin farko ne, waɗanda aka jefa cikin karawa tun ba su gwanance da faɗuwa ba. Watau darasin farko ne aka tsallake. Iyayen waɗanda abin ya shafa suka kafa ƙungiya a 2010. A 2012 gwamnati ta wajabta wasannin gargajiya na kare kai a ƙananan makarantun sakandare, a daidai lokacin da ake ta muhawara kan waɗannan mace-mace. A 2013 kuma ta bayyana cewa mata 15 daga manyan 'yan wasan ƙasar sun kai ƙarar mai horar da su kan duka da zagi, har ya ajiye aiki. A wannan shekara hukumar judo ta ƙasar ta fara aiki da tsarin ba masu koyarwa takardar izini, a 2022 kuma ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, saboda ta ga son nasara ko ta halin ƙaƙa ya mamaye iyaye da masu horarwa.

Abin kwatance shi ne Faransa, wadda masu judo a cikinta suka ninka na Japan. Tun 1955 doka ta hana a ɗauki kuɗi a kan koyar da judo sai da takardar shaida ta hukuma, kuma irin wancan yawan asarar yara bai auku a can ba. Wani bincike da Michael Trulson ya wallafa a Amurka a 1986 ya ƙarfafa wannan batu, ko da yake a kan taekwondo ya yi shi. Ya kasa kangararrun samari kashi uku, aka horar da su wata 6. Waɗanda aka koya wa wasan tare da ladubbansa da natsuwarsa, zafin ransu ya ragu. Waɗanda aka koya wa dabarun faɗa zalla, kangararsu ƙaruwa ta yi. Kashi na uku wasannin motsa jiki kawai suka yi, ba a ga wani babban canji a wajensu ba.

5.0 Kammalawa

Mun ga yadda Jigoro Kano ya ɗauki dabarun mayaƙa ya mayar da su darasin makaranta, mun kuma ga abin da ya faru sa'ad da aka riƙe dabarun aka bar darasin. Saboda haka iyayen da ke fargaba suna da hujja, masu yabon wasan su ma suna da tasu, abin da zai raba gardama shi ne wanda aka damƙa wa yaran. Shawararmu ga duk makarantar da ke son shigar da irin wannan wasa ita ce ta binciki ilmin mai koyarwa da halinsa, kada ta tsaya ga baƙar ɗamarar da ya ɗaura. Ta kuma tabbatar sabon ɗalibi ya ƙware a faɗuwa kafin ya kara da kowa, duk wanda ya bugu a ka a dakatar da shi sai likita ya duba shi, a kuma ware lokacin zama don bayani da tambayoyi. Muna fatan masu nazarin al'adunmu za su yi wa kokawa da dambe irin wannan duba, a ga waɗanne ladubba ne a cikinsu za su amfani ɗalibi, da kuma sharuɗɗan da za a gindaya kafin a kai su filin makaranta.