Yadda Ake Sanya Robar Gilashin Ƙofa A Tsohuwar Mota

Ciro wurin saka layi na wayarka ka duba da kyau. Idan wayar tana cikin masu lambar IP67 ko IP68, za ka ga wata siririyar roba a bakinsa. Ita ce take tare ruwa da ƙura kada su shiga ciki. Irin wannan aikin ne robar gilashin ƙofa take yi wa mota, kuma a kanta za mu yi bayani yau.

Mu ɗauki misalin Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo. Ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana haɗa ta. Idan akwai irinta a ajiye a gidanku kana son tayar da ita, da wuya robobinta ba su bushe sun tsattsage ba. Mutane da yawa kan kashe kuɗi a fenti su manta da roba. Damina biyu ko uku, sai tsatsa ta ɓullo daga ƙasan ƙofa, fentin ya kumbura, kuɗi ya tafi a banza.

Robobin iri uku ne

Ta farko tana waje, a daidai inda gilashi yake nutsewa cikin ƙofa, tana share ruwa daga jikinsa. Ta biyu tana daura da ita ta ciki. Ta uku kuma kwarmi gare ta, mai laushi kamar karan-miski, ta bi gefe da saman tagar, a cikinta gilashi yake hawa da sauka.

Ka sani cewa babu robar da take tare ruwa ɗari bisa ɗari. Shi ya sa aka yi ƴan ramuka a ƙasan kowace ƙofa, don ruwan da ya kutsa ya samu mafita. Idan laka ta toshe su, ruwan zai kwanta, ko da robar sabuwa ce fil.

Kafin ka fara

Ka ɗauki hoton kowace roba da wayarka kafin ka taɓa ta, musamman kusurwoyi da wuraren da ƴan maƙalai suke riƙe da ita. Kada ka jefar da tsohuwar. Yanko guntunta ka tafi da shi kasuwar kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka gwada bakin yankan da na sabuwar. Idan siffar ta bambanta, ba za ta zauna ba. In ta intanet za ka saya, ka tabbatar da shekarar motar, da kuma ko ta dama ce ko ta hagu, ta gaba ko ta baya.

Matakan aikin

1. Sauke gilashi har ƙasa, ka cire hannun ɗaga gilashi da marfin cikin ƙofar.
2. Ɓanɓare tsohuwar robar a hankali. Idan da sukundireba za ka yi, naɗe bakinta da tsumma don kada ta kankare fenti.
3. Goge wurin tas. Inda ka ga tsatsa, kankare ta ka shafa fentin da ke hana tsatsa, ka bari ya bushe. Zura waya ka buɗe ramukan ƙasan ƙofar.
4. Shanya sabuwar robar a rana na ƴan mintoci ta yi laushi.
5. Fara da mai kwarmi. Daidaita kusurwar sama tukuna, sannan ka bi gefe-gefe kana dannawa da yatsa.
6. Sa ta waje da ta ciki, ka tabbatar kowane maƙali ya kama.

Kurakurai biyu masu ɓata aiki

Na farko shi ne jan roba don ta kai. Duk robar da aka ja, daga baya komawa take yi, ta bar kafa a kusurwa. Danna ta ake yi, ba ja ba.

Na biyu shi ne shafa mata baƙin mai, giris ko basilin don ta yi santsi. Yawancin waɗannan robobi da sinadarin EPDM ake yin su. Yana jure rana da ruwa, amma duk man da aka samo daga fetur yana kumbura shi ya lalata shi. Ruwan sabulu ko man silikon kawai za ka yi amfani da shi.

Gwaji

Kafin ka mayar da marfin, ɗaga gilashi ka sauke sau da yawa. Da farko zai ɗan yi tauri, amma bai kamata ya cije ba. Da dare, wani ya haska tocilar waya ta waje, kai kana ciki kana duban inda haske ke ratsowa. Sannan ka zuba ruwa da buta a jikin gilashin. Idan ka ga ɗan abin da ya shiga yana ɗiga ta ramukan ƙasa, aiki ya yi kyau, sai ka mayar da marfin ka koma ƙofa ta gaba.