Wahaya da dokar laifuffuka: abin da ya kamata mu sani

Jama'ar Bazaga da kewaye, da 'yan uwanmu da ke ci-rani, yau za mu duba yadda kundin hukunta laifuffuka na Nijar ke kare jikin mutum da 'yancinsa. Tun 1961 aka kafa kundin. A watan Yunin 2003 aka yi masa babban gyara, aka shigar da bauta da kaciyar mata cikin laifuffukan da kotu ke hukuntawa.

Bisa gyaran, wanda ya bautar da mutum zai sha ɗaurin shekara 10 zuwa 30, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Kaciyar mata kuwa, wata 6 zuwa shekara 3 a gidan kaso, kuma idan yarinya ta rasu hukuncin ya fi haka nauyi ƙwarai.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, don an san yankin Ƙonni da Illela da al'adar wahaya. A nan ne aka sayar da Hadijatou Mani tana 'yar shekara 12. Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, har kotun CEDEAO ta umarci gwamnati a 2008 ta biya ta diyyar miliyan 10 saboda ba ta kare ta ba.

To, sulhun gida ko na fada ba ya wanke irin wannan laifi. In kun ga an sayi yarinya da sunan "ta biyar", ku sanar da jandarma ko kotun Ƙonni. Ku kuma da ke waje, in aka nemi ku turo kuɗin irin wannan "aure", kada ku sa hannu.