Kada Ku Yar Da Tsohuwar Kwamfuta Tukuna

'Yan'uwa, a ziyarar da muke kaiwa ƙauyuka, sau da yawa nakan tarar da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a cikin kabad ko a ƙarƙashin teburin sakataren ikkilisiya. Wata kyauta ce daga ɗan gari da ke aiki a birni, wata kuma ta zo tare da wani shirin noma da ya ƙare tuntuni. In na tambaya, sai a ce mini, "Ai ta mutu." Da yawa daga cikinsu ba su mutu ba, kaya ne ya yi musu nauyi.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita. Wadda muka saba da ita ita ce Windows, kuma sau da yawa sabuwar fitowarta tana bukatar na'ura mai ƙarfi fiye da ta baya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, kuma ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a watan Oktoba 2025. Ita kuwa Windows 11 tana neman ram mai gigabait 4 da wani sashen tsaro da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Ram kamar faifan tankaɗe yake: in ƙarami ne, kaɗan-kaɗan za a riƙa zuba masa, aiki ya yi ta jan ƙafa.

Akwai wata babbar manhaja mai suna Linux, wadda wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, ba ta sata ba, kuma tana da iri-iri. Kwamfuta mai ram gigabait 2 zuwa 4 za ta ɗauki Lubuntu ko Linux Mint Xfce. Wadda ta fi haka tsufa, a gwada mata antiX, domin tana aiki ko da ram bai kai gigabait 1 ba.

Kafin a taɓa komai, a kwashe takardu. Ina nanata wannan domin ya taɓa cin mu. Mun kai wata kwamfuta wurin mai gyara a gari, ya share ta tas ba tare da ya tambaye mu ba. Da ita aka tafi da lissafin bashin taki na manoma da kuɗin adashin zumuntar mata na shekara biyu. Sai da muka bi gida-gida muna tambaya, kuma ba kowa ne ya tuna abin da ake bin sa ba. Laifinmu ne ma, da ba mu ajiye kwafi ba. Saboda haka a juye komai a filash, a sa shi a wata kwamfuta a tabbatar takardun suna buɗewa.

Sauran aikin ba shi da wuya ga matashin da ya ɗan san kwamfuta. Za a sauko da manhajar daga intanet, gara a yi haka a gari inda sabis ke da ƙarfi, a ɗora ta a filash mai gigabait 8 da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus. Sai a kunna kwamfutar daga filash ɗin. Abin da na fi so shi ne, ana iya gwada ta haka nan ba tare da an share komai ba. A duba sauti, da haɗuwa da intanet, da na'urar buga takarda. In duk sun yi, sai a girka.

Kada a sa rai za ta koma sabuwa. Bidiyo zai iya tsinkewa, shafukan intanet na yanzu ma suna da nauyi. Amma wasiƙa, rahoto, rajistar membobi da lissafin baiko, LibreOffice zai yi su, yana kuma buɗe takardun Word da Excel. Batirin da ya mutu dai ya mutu, sai a jona ta da sola. A kuma sa mai gyara ya busa ƙurar hunturu daga fankarta, domin zafi kaɗai yakan sa ta yi sanyin jiki.

Sakatarorin da ke fama da haruffa masu lanƙwasa su duba wurin zaɓen allon rubutu. Akwai na Hausa a ciki, da shi za a rubuta ɓ, ɗ da ƙ ba sai an bi takarda da biro bayan an buga ba.